Garkar makaranta: inda yaron birni ke sanin asalin tuwonsa

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, yara da dama na gama firamare ba su taɓa riƙe hauya ba. A saninsu hatsi daga kasuwa yake zuwa a tiya, shinkafa kuma a buhu. Alhali kusan kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar da noma da kiwo suke rayuwa, kuma duk shekarar da damina ta gaza, gidajen birni ma sai sun ji a farashi.

Tsarin karatun firamare bai manta da noma ba, domin akwai darasin ayyukan hannu da ake kira APP a taƙaice. Matsalar tana ga lokaci. Ana komawa aji a watan Oktoba, daidai girbi, a tafi hutu a ƙarshen Yuni, lokacin da ake shuka. Ke nan gero yana tsirowa, ya fidda kai, ya nuna, makaranta na rufe. Yaron ƙauye yana ganin wannan a gonar gidansu. Na birni kuwa sai dai zane a allo.

Abin da ya dace da shekarar karatu shi ne noman rani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, salati, kabeji, tumatir da karas suna yi da kyau a ƴar garka a bayan aji. Salati ba ya kai wata biyu ake tsinka, don haka yaron da ya shuka da hannunsa zai ci kafin hutu.

Garkar kanta aji ce. Auna tsawo da faɗin fangali lissafi ne, haka ƙirga bokitin ruwan da ya sha a mako. Idan malam ya tuge wake ya nuna ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, yara za su gane dalilin da ya sa manoma ke haɗa shi da gero: yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Haka gawo, da ke zubar da ganye da damina, ba ya hana shuka samun rana, shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona.

Kwanon abinci ma yana koyar da taswirar ƙasa. Albasa daga Galmi, tattasai daga Diffa a bakin Komadugu, zogale daga Jiratawa kusa da Maraɗi, dankalin turawa daga duwatsun Ayar. Shinkafa kuwa wata daga bakin kogin Kwara a jihar Tilaberi, mai yawa kuma daga ƙasashen Asiya ta jirgin ruwa.

Abu uku ke kashe garkar makaranta: rashin ruwa, rashin shinge da rashin mai kula. Inda ake biyan kuɗin famfo, dole a san wanda zai biya tun kafin a shuka. Awakin unguwa kuma dare ɗaya ya ishe su su cinye aikin wata guda. Nan ne kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, da ƙungiyar iyaye ke da aiki: su samar da waya, su tsara ban ruwa a ranakun Asabar da Lahadi.

Wasu iyaye na tsoron a mai da ƴaƴansu leburori. Maganin wannan shi ne garkar ta zama ƙarama, aikin ya tsaya cikin lokacin darasi, abin da aka girba kuma yaran su ci ko su kai gida. Fangali huɗu da bishiyar zogale biyu sun isa a fara a watan Nuwamba.