Kafaffen Adadi a Cikin Manhajar Kwamfuta

Duk manhajar da ke lissafi tana aiki da adadi iri biyu. Akwai mai sauyawa, kamar kuɗin kwangila, wanda na wannan fayil daban, na wancan daban. Akwai kuma kafaffe, wanda marubucin manhaja ke raɗa wa suna tun daga farko, ya ba shi ƙima, sa'an nan ya hana a taɓa shi muddin manhajar tana aiki. Harshen Pascal, na shekarar 1970, ya tanadi kalmar const domin wannan. Fortran 77 yana da PARAMETER. Python kuwa bai hana komai ba, sai dai al'ada ce a rubuta sunan da manyan baƙaƙe domin mai karatu ya kiyaye.

Amfanin wannan ya fito fili a watan Fabrairu na 2020, lokacin da harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari, inda yake tun 1994, zuwa 7.5. A ɗauka akanta ne a wata ma'aikata a Dutse zai biya kwangilar naira miliyan biyu. Harajin dā naira 100,000 ne, na yanzu 150,000. In manhajarsa ta ajiye adadin ƙarƙashin suna ɗaya, layi guda za a gyara. In kuwa an watsa 5 tsirara a wurare arba'in, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, alhali wani 5 ɗin na ranakun aiki ne na mako, ba na haraji ba. Wuri ɗaya da aka tsallake ya isa ya jawo giɓin naira 50,000, kuma akantan za a tuhuma, ba na'urar ba.

Amma fa ba kowane adadi ne ya cancanci kafewa ba. Kobo 100 ke cikin naira tun 1973, wannan a kafe shi ba fargaba. Abin da doka ke iya juyawa kuwa sai an yi hattara. Mai binciken kuɗi da ya buɗe fayil na 2019 kashi 5 yake bukata, saboda haka wanda ya goge tsohon adadi ya ɗora sabo ya ɓata lissafin baya. Irin wannan gara a ajiye shi a jadawali, kowane adadi da ranar da ya soma aiki, manhaja ta duba kwanan watan takarda kafin ta zaɓa.