Korewa a Harsunan Dagbani da Kusaal: Abin da Mai Jin Hausa Zai Lura da Shi

Fataucin goro ne ya kai Hausawa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892, da yawa sun ƙaura zuwa wasu zangunan. A Yendi suna zaune ne cikin Dagwamba masu magana da Dagbani, a Bawku kuwa cikin Kusasi masu magana da Kusaal. Harsunan biyu 'yan iyalin Gur ne, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suke wahalar da ɗalibi mai jin Hausa shi ne korewa.

A Hausa, "ba" ce ke ɗaukar mafi yawan aikin, ko dai biyu (bai tafi ba, ba zai tafi ba) ko kuma ɗaya mai dogon wasali (ba ya tafiya), sai "kada" a wajen hani. A Dagbani kuwa lokaci ne ke zaɓen harafin korewa, wanda ke zuwa tsakanin wakilin suna da aikatau:

O chaŋya (ya tafi), O bi chaŋ (bai tafi ba)
O ni chaŋ (zai tafi), O ku chaŋ (ba zai tafi ba)
Chama (tafi), Di chaŋ (kada ka tafi)

Abubuwa biyu ne a nan. Na farko, ɗafa-ƙeyar "-ya" ta shuɗaɗɗen lokaci takan faɗi da zarar "bi" ta shigo. Na biyu, "ku" ba ta zama tare da "ni", maye gurbinta take yi, wato harafi ɗaya ke ɗauke da lokaci da korewa gaba ɗaya. Wannan ya saɓa wa Hausa, inda "za" ke nan daram cikin "ba zai tafi ba". Akwai ma wani tarko: kunnen Bahaushe ya saba jin "ku" a matsayin wakilin suna na jam'i, sai ya ɗauki jimlar a matsayin umarni alhali kuwa korewa ce.

Kusaal ma haruffa uku take da su a gaban aikatau: "pʋ", da "kʋ" ta lokaci mai zuwa, da "da" ta hani. Sai dai ta ƙara wani abu da Dagbani ba ta yi. Kalmar ƙarshe ta korarriyar jimla takan dawo da wasalin da ya saba faɗuwa:

Li a nɛ biig (yaro ne)
Li ka' biiga (ba yaro ba ne)

Wasalin "-a" na "biiga" yana yin irin aikin "ba" ta biyu a Hausa, wato rufe korewar. Saboda haka a nan Hausa taimakon ɗalibi take yi, domin ya riga ya saba jiran alama a ƙarshen jimla.

Misalin ya kuma nuna cewa wasu aikatau da korewarsu a cikinsu suke zuwa, kamar "ka'". Haka yake a Dagbani: "mi" sani ne, "ʒi" rashin sani, "mali" mallaka, "ka" rashin mallaka. Ba a gina waɗannan da "bi", haddace su ake yi bibbiyu, kamar yadda ake koyon "akwai" tare da "babu".