Abin da ya kamata ku sani game da Aminu Tambuwal da dokar sauya sheƙa

Duk mai kunna rediyo da asuba a Dogo ko a birnin Damagaram ya sha jin sunan Aminu Waziri Tambuwal, domin labarin siyasar Najeriya ba ya tsayawa a kan iyakar Magariya. Wasu sun san shi a matsayin kakakin majalisa, wasu gwamnan Sakkwato, wasu kuma mutumin da ya janye wa Atiku a neman tikitin shugaban ƙasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lauya ne, kuma kusan duk rigimar da ta taso a kansa tana komawa ne ga tambaya ɗaya ta shari'a: idan zaɓaɓɓe ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi, kujerar ta wace ce?

An haife shi a garin Tambuwal a 1966. Ya yi makarantar horon malamai ta Dogon Daji, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya gama a 1991, aka rantsar da shi lauya a 1992. Siyasa ya fara ta ne daga ƙasa, yana mataimaki ga Sanata Abdallah Wali a 1999. A 2003 ya ci kujerar majalisar wakilai ta mazaɓar Kebbe da Tambuwal a tutar ANPP. Kafin zaɓen 2007 ya bi Gwamna Attahiru Bafarawa zuwa DPP, da bai samu tikiti a can ba ya dawo ANPP, sannan ya bi Aliyu Wamakko zuwa PDP. Ƙaura uku ke nan a kakar zaɓe guda, kuma kujerarsa ba ta kuɓuce masa ba.

Sunansa ya fito fili ne a watan Yunin 2011. PDP mai mulki ta riga ta raba muƙamai tsakanin shiyyoyi, ta ware kujerar kakakin majalisar wakilai ga kudu maso yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Tambuwal ya ƙi bin umarnin uwar jam'iyya, ya haɗa kai da 'yan adawa, ya ci da ƙuri'a 252, ita kuma ta samu 90. Tun daga ranar fadar Shugaba Goodluck Jonathan take yi masa kallon ɗan gida mai kwana da ƙafa ɗaya a waje.

A nan ne ya kamata mai karatu na Nijar ya ɗan tsaya, don tsarin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Kundin tsarin mulkin Jamhuriya ta Bakwai na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya yanke magana a gajarce: ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, wanda aka zaɓe su tare don maye gurbinsa ya hau. Kundin Najeriya na 1999 shi ma yana da irin wannan hukunci a sashe na 68, amma da togaciya. Idan jam'iyyar ta rabu gida biyu, ko ta narke cikin wata, mai ficewa ba zai rasa komai ba. Sannan sashen ya ɗora wa shugaban majalisa alhakin zartar da hukuncin, wato shi ne zai ce kujerar wane ta zama babu kowa a kai. To idan shugaban majalisar ne da kansa ya sauya sheƙa fa? Kundin bai tanadi wanda zai kore shi ta wannan hanya ba, sai dai 'yan majalisa su tsige shi da kashi biyu cikin uku, ko kotu ta yi hukunci.

Tambuwal ya san wannan sarai. A watan Agustan 2013 PDP ta dare, aka samu ɓangaren da ake kira sabuwar PDP ƙarƙashin Kawu Baraje. Gwamnoni biyar, ciki har da Wamakko na Sakkwato da Rabi'u Kwankwaso na Kano, suka koma jam'iyyar adawa ta APC a watan Nuwamba, 'yan majalisar wakilai 37 suka bi su a Disamba. PDP ta nemi kakaki ya kwace kujerunsu, bai yi ba. Shi kansa ya zauna a PDP kusan shekara guda bayan haka. Sai ranar 28 ga Oktoban 2014, a ƙarshen zama, ya sanar cewa ya koma APC, majalisa kuma ta ɗage zama zuwa 3 ga Disamba. Wanda ke son tsige shi ba shi da zauren da zai kai ƙudurin.

Martanin gwamnati ya fi laifin muni, a ganina. Babban sufeton 'yan sanda Suleiman Abba ya janye wa Tambuwal masu tsaro, yana kafa hujja da sashe na 68, alhali fassara kundin tsarin mulki aikin alƙali ne. Ranar 20 ga Nuwamba aka kira majalisa zaman gaggawa kan tsawaita dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. 'Yan sanda suka rufe ƙofar harabar. Duniya ta ga hotunan 'yan majalisa, manyan mutane da malum-malum, suna naɗe riga a kafaɗa suna haura ƙofar ƙarfe, hulunan wasu na faɗuwa, hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe har cikin ginin. Abokan aikin Tambuwal suka kewaye shi suka shigar da shi. Wannan rana ta yi wa Tambuwal yaƙin neman zaɓen da kuɗi ba za su saya masa ba. Mutanen Nijar za su tuna cewa a wannan shekarar ce shugaban tasu majalisar, Hama Amadou, wanda ya raba gari da Shugaba Issoufou Mahamadou a 2013, ya bar ƙasar ana neman sa a shari'ar safarar jarirai. Tambuwal dai ba a raba shi da kujerarsa ba.

A 2015 ya koma gida ya ci gwamnan Sakkwato a APC, kuma wanda ya kayar shi ne tsohon maigidansa Abdallah Wali. Gwamna a Najeriya ba kamar gwamnan jahar Damagaram ba ne da ake naɗowa daga Yamai. Zaɓarsa ake yi, yana da kasafin kuɗinsa da majalisar dokokinsa, kason ƙananan hukumomi a wancan lokaci ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, kuma sashe na 308 ya hana a gurfanar da shi muddin yana kan mulki. Dokar sauya sheƙa ma ba ta shafe shi ba, don kundin bai ambaci gwamna ko shugaban ƙasa a cikinta ba. Saboda haka da ya koma PDP a farkon Agustan 2018, babu wanda ya isa ya taɓa kujerarsa. Abin da ya rasa shi ne Wamakko, da mataimakinsa Ahmad Aliyu, wanda ya tsaya a APC, ya ajiye muƙami, ya fito takara da shi.

Zaɓen 2019 na cikin mafi kusa da aka taɓa yi a Najeriya. Zagayen farko bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris. Tambuwal ya samu 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Ratar ƙuri'a 342 ce, adadin da rumfa ɗaya kan iya tarawa. APC ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar masa da nasara a watan Janairun 2020.

Game da aikin da ya yi wa jiha, magana ta rabu. Magoya baya na nuna dokar ta-ɓaci da ya ayyana a fannin ilimi tun farkon mulkinsa. Masu suka na cewa idonsa na Abuja, kuma suna da abin nunawa: ya nemi tikitin shugaban ƙasa a PDP a 2018 ya zo na biyu bayan Atiku, ya sake nema a 2022. A shekarun ne kuma 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar, Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsallaka zuwa jahar Maraɗi gudun hijira. Gaskiya ne soja da 'yan sanda na hannun gwamnatin tarayya, amma wanda ya kwana a daji da iyalinsa ba ya tambayar sashen kundi.

Rigimar 2022 ba ta shari'a ba ce, ta amana ce. Gwamna Nyesom Wike na jihar Ribas shi ne ya tsaya wa Tambuwal a zaɓen fidda gwani na 2018. Daren 28 ga Mayun 2022, a Abuja, bayan 'yan takara sun yi jawabi, Tambuwal ya sake karɓar makirfo ya ce ya janye, wakilansa su zaɓi Atiku. Atiku ya samu 371, Wike 237. Wike bai yafe ba. Ya haɗa gwamnoni biyar na PDP suka juya wa Atiku baya, jam'iyyar ta faɗi a 2023. A Sakkwato ma ɗan takarar Tambuwal, Sa'idu Umar, ya sha kaye a hannun Ahmad Aliyu, Tambuwal kuma ya samu kujerar sanatan Sakkwato ta Kudu.

Da kariyar sashe na 308 ta ƙare, bincike ya biyo baya. Gwamna Ahmad Aliyu ya kafa kwamitin shari'a don duba mulkin tsohon maigidan nasa. A watan Agustan 2025 hukumar EFCC mai yaƙi da cin hanci ta tsare Tambuwal kan zargin fitar da tsabar kuɗi naira biliyan 189 daga asusun jiha ba bisa ƙa'ida ba, ta sake shi washegari. Wannan zargi ne na hukuma, ba hukuncin kotu ba. Atiku da jam'iyyar ADC, wadda gamayyar 'yan adawa ta runguma don zaɓen 2027, sun ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne, EFCC kuma ta ce ita ba ta duba jam'iyyar mutum kafin ta gayyace shi.