BABI NA UKU: HAƊA RUMBUN SIRRANTA SAƘO DA BABBAR MANHAJA MAI BUƊAƊƊEN TUSHE

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin babbar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke da izinin karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. A wannan babi kuwa za a dubi yadda aka yi har rumbun sirranta saƙo ya zama yana zuwa a cikin irin wannan manhaja, tare da matsalolin da hakan ya haifar.

3.1 Ma'anar Rumbun Sirranta Saƙo

Sirranta saƙo shi ne juya bayani ta hanyar lissafi yadda ba mai iya karanta shi sai wanda ke riƙe da mabuɗi. Abin ya yi kama da zaurance, sai dai shi zaurance da zarar an gano ƙa'idarsa asiri ya tonu, alhali a nan kowa na iya sanin ƙa'idar, mabuɗin kaɗai ake ɓoyewa. Shi kuwa rumbu tarin ƙananan manhajoji ne da aka rubuta sau ɗaya, sauran manhajoji su riƙa ɗiba daga ciki maimakon kowace ta ƙirƙiri nata. Misali shi ne SSLeay wanda Eric Young da Tim Hudson suka fara a Ostiraliya a 1995, kuma daga gare shi ne aka samu OpenSSL a 1998.

3.2 Shingen Doka

A farkon shekarun 1990 dokar Amurka ta sanya manhajar sirri mai ƙarfi a sahun makamai, don haka fitar da ita waje sai da izinin hukuma. Abin da aka yarda a fitar cikin sauƙi shi ne mai mabuɗin da bai wuce bit 40 ba, wanda ba shi da wuyar fasawa. Phil Zimmermann, wanda ya fitar da PGP a 1991, ya sha bincike daga 1993 zuwa 1996 kafin a bar maganar ba tare da an tuhume shi ba. Bugu da ƙari, lissafin RSA yana ƙarƙashin haƙƙin mallakar ƙirƙira a Amurka har zuwa watan Satumba na 2000. Matsalar a fili take: manhajar da aka ajiye a intanet don kowa ya ɗauka ba ta da hanyar tantance ƙasar mai ɗaukarta.

3.3 Hanyoyin da Aka Bi

Hanya ta farko ita ce ta OpenBSD, wadda Theo de Raadt ya kafa a 1995 a Kanada. Da yake daga can ake rarraba ta, an sami damar saka kayan sirri a cikinta tun daga tushe. A watan Disamba na 1999 ne OpenBSD 2.6 ta fito ɗauke da OpenSSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri.

Hanya ta biyu ita ce ta Debian, wadda ta ware kayan sirri a wata ma'ajiya a wajen Amurka, mai bukata ya sauko da su da kansa. Illar wannan tsari ita ce wanda bai san da ma'ajiyar ba, ko ya yi kasala, sai ya zauna ba kariya. Bayan da Amurka ta sassauta dokar a watan Janairu na 2000, Debian ta mayar da kayan cikin babbar ma'ajiyarta, inda fitowa ta 3.0 ta watan Yuli na 2002 ta zo da su.

3.4 Amfani da Haɗari

Amfanin haɗawar shi ne kariya ta isa ga kowa ba tare da ya nema ba, kuma gyara ɗaya ya wadatar da duk manhajojin da suka dogara da rumbun. Sai dai ta wannan ƙofa ce haɗarin ke shigowa, domin kuskure ɗaya ma kowa yake shafa. A 2006 an cire wasu layuka daga OpenSSL na Debian, wanda ya sa mabuɗan da ake samarwa suka taƙaita ga kimanin 32,768 a kowane nau'i. Ba a gano ba sai a watan Mayu na 2008, kuma ya zama dole a sake duk mabuɗan da aka yi a tsakanin. Haka kuma a watan Afrilu na 2014 aka bayyana kuskuren Heartbleed, wanda ya bai wa baƙo damar karanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, har da mabuɗan sirri. Wannan ne ya sa masu OpenBSD suka ware nasu rumbun mai suna LibreSSL a shekarar.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kafin 2000 doka ce babban shinge, bayan nan kuma nauyin ya koma kan masu kula da manhajar, waɗanda tilas su riƙa bin diddigin abin da suka haɗa. Babi na huɗu zai dubi kalmomin wannan fanni da yadda za a samar musu da takwarori a Hausa.