Masu Gadin Taurari: Ba Albashi, Ba Barci

Mu da muka tashi a karkara mun san Kaza da 'Ya'yanta, mun san Gamzaki. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Akwai kuma mutanen da suka mai da gadinsu aikin sa kai: malaman makaranta, manoma, 'yan fansho. Ƙungiyarsu mafi shahara, AAVSO, an kafa ta a Amurka a 1911, ta Faransa kuwa, AFOEV, a 1921.

Aikin ba wuya, sai dai haƙuri. Mutum zai gwada hasken tauraron da na maƙwabtansa waɗanda ba sa canzawa, ya rubuta rana da lokaci. Idan aka jera bayanan a takarda, sai layi ya fito mai hawa da sauka. Wannan layin suke karantawa.

In layin ya miƙe, sannan ya faɗa rami a kan ƙa'ida, to taurari biyu ne ke kewaya juna, ɗaya na tare ɗaya. Haka Algol yake, arewa da Kaza: duk kwana 2 da awa 21 yana dusashewa na kimanin awa 10. Wani saurayi kurma ɗan Ingila, John Goodricke, ya kawo wannan bayani a 1783. In layin na tafiya sannu kamar tudu da kwari, to tauraron ne ke kumbura yana motsewa, irin su Mira mai zagayen kwana 332.

Me ya sa masana ke buƙatarsu? Manyan na'urorin hangen nesa ba su da lokacin tsare tauraro ɗaya kowane dare, kuma daren da ya wuce ba a rubuta ba, ya tafi ke nan. Da jan tauraron nan Betelgeuse ya dushe a ƙarshen 2019 har ana raɗe-raɗin zai fashe, tsofaffin bayanan 'yan sa kai suka nuna girman canjin. Daga baya aka gano ƙura ce da ya fitar ta rufe shi.

Jama'a, Algol ba ya buƙatar na'ura. Ido, agogo da littafi sun isa, duhun ƙauyukanmu kuwa ko mutanen Turai na marmarin irinsa.