Ƙaura Daga Manhajar Da Mai Ita Ya Bari



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wani al'amari ne da ke aukuwa kullum a tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, amma ba safai labarinsa kan fito waje ba, watau abin da jama'a kan yi idan sun dogara da wata manhaja, sa'an nan mai ita ya daina kula da ita. Zan ɗauki misali guda in bi shi daki-daki, in kuma taɓo waɗansu biyu inda suka ƙara haske.

Da farko ya kamata mu san yadda ake gina manhaja. Babu wanda ke rubuta ta tun daga tushe har ƙarshe shi kaɗai. Kamar yadda magini ba ya ƙera ƙusa da kwano da kansa, haka mai rubuta manhaja yakan ɗauko waɗansu sassa da wasu suka riga suka rubuta, ya harhaɗa su da nasa. Kowane irin wannan sashe za mu kira shi ƙunshi. Akwai ƙunshin da aikinsa lissafin kwanan wata ne kawai, akwai na ɓoye saƙo, akwai na buɗe hoto. Galibinsu masu buɗaɗɗen tushe ne, ma'ana rubutun umarnin da aka yi su da shi yana fili, kuma lasisinsu ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, ba tare da biyan ko kwabo ba. To, amma wannan lasisin shi ne kuma yake faɗa ƙarara cewa marubucin bai ɗauki alkawarin komai ba. Ran da ya gaji, ko ya sami wani aiki, ko rashin lafiya ya same shi, yana da iko ya ajiye alƙalami, ba mai kai shi ƙara ko'ina.

Misalinmu daga harshen kwamfuta ne da ake kira Python. Cikin shekara ta 1995 wani mutumin ƙasar Suwidin, Fredrik Lundh, ya fara rubuta wani ƙunshi mai suna PIL, wanda aikinsa shi ne sarrafa hotuna: ya buɗe hoto, ya faɗi tsawonsa da faɗinsa, ya rage shi, ya juya shi, ya mai da shi daga wannan tsari zuwa wancan. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har ya zama duk mai son taɓa hoto da harshen Python, PIL yake nema. Fitowarsa ta ƙarshe, mai lamba 1.1.7, ta zo cikin watan Nuwamba na 2009. Daga nan sai shiru. Ba a yi sanarwar rufewa ba, ba a miƙa wa kowa ragama ba.

A nan wani zai tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: tun da manhaja ba ta tsatsa, ba ta lalacewa da ajiya, mene ne laifin a ci gaba da amfani da ita yadda take? Haƙiƙa rubutun bai sake ba, ko harafi guda. Abin da ke kewaye da shi ne ya sake. Cikin watan Disamba na 2008 an fito da Python 3, wanda ya saɓa wa Python 2 a wurare da dama, har rubutun da aka yi don tsohon ba ya tafiya a kan sabon sai an gyara shi. PIL kuwa ba a taɓa fito da shi don Python 3 ba. Saboda haka duk manhajar da ta rataya a kansa ta zama a ɗaure, ba ta iya matsawa zuwa sabon harshe, alhali an sa ranar da za a daina kula da tsohon. An fara cewa 2015, daga baya aka ɗaga zuwa ranar 1 ga Janairu, 2020.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Hoto abu ne da baƙo ke aiko maka. Ku tuna da shafin neman aiki ko na neman shiga makaranta, inda ake cewa kowa ya ɗora hotonsa. Kwamfutar ma'aikata za ta buɗe duk abin da aka ɗora, ba ta san mai kirki ba, ba ta san mugu ba. Idan akwai aibi a sashen da ke karanta hoton, mugu na iya shirya fayil na musamman wanda zai bi ta wannan kafa. Cikin 2016 an gano irin wannan aibi a sashen PIL mai karanta hotunan tsarin PhotoCD, wanda ke iya sa manhaja ta faɗi warwas. Aibin ya daɗe a kwance cikin rubutun, amma daga ranar da aka bayyana shi, kowa ya san inda ƙofar take. Ƙunshin da ke da masu kula za a toshe masa kafar cikin kwanaki. Wanda aka bari kuwa, haka zai zauna har abada. Wannan ya nuna mana cewa abin da ake dogara da shi a zahiri mutane ne, waɗanda za su amsa idan an yi kira, rubutun kuwa shaidar aikinsu ce kawai.

Wanda ya sami kansa cikin wannan hali yana da hanyoyi kaɗan. Yana iya ɗaukar ƙunshin ya riƙa gyara wa kansa, abin da ke da sauƙin faɗa, gama sai ya zama gwani a fannin da ba nasa ba. Yana iya neman wani ƙunshi dabam ya sake rubuta duk wuraren da suka taɓa tsohon. Ko kuwa waɗansu su haɗa kai su tsaga reshe, watau su kwafi rubutun yadda yake, su ba shi sabon suna, su ci gaba daga inda mai shi ya tsaya. Lasisin buɗaɗɗen tushe ya halatta wannan, kuma nan ne fifikonsa yake a kan manhajar kamfani, wadda in kamfanin ya rufe, rubutun ya tafi tare da shi.

Hanya ta ukun aka bi. Cikin 2010 wani Ba'amurke mai suna Alex Clark ya tsaga reshe ya kira shi Pillow. Abin sha'awa, bai fara da babban buri ba. Damuwarsa ita ce PIL yana da wuyar girkawa da kayan aikin da aka saba, sai ya gyara wannan kawai ya bar sauran. Sannu a hankali waɗansu suka riƙa kawo nasu gyare-gyaren, waɗanda da ba su da wurin kai su, har cikin watan Maris na 2013 aka fito da Pillow 2.0 mai tafiya a kan Python 3. Masu Pillow sun yi wata dabara wadda a ganina ita ce rabin nasararsu: sunan da ake kiran ƙunshin da shi a cikin rubutun umarni sun bar shi PIL, ba su sake ba. Don haka mafi yawan manhajoji ba su bukaci gyara mai yawa ba. Sai dai tsohon yana yarda a kira sassansa ta hanyoyi biyu, gajeriya da doguwa, sabon kuwa doguwar kaɗai ya sani, kuma ba a iya girka su biyun wuri guda, tilas a cire ɗaya kafin a sa ɗaya.

Yanzu sai mu duba yadda wani babban aiki ya yi tasa ƙaurar, domin nan ne darasin aikin yake. Django manhaja ce ta gina shafukan intanet, wadda aka fara a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, aka sake ta ga jama'a cikin 2005. A wancan lokaci tana amfani da PIL ta tabbatar cewa abin da aka ɗora mata da sunan hoto, hoton ne. Masu kula da Django ba su mallaki kwamfutocin da ake tafiyar da ita a kansu ba. Dubban makarantu da kamfanoni da ma'aikatu ne ke da su, kowa da lokacinsa da kasafin kuɗinsa. Da sun cire PIL dare ɗaya, da shafukan mutane sun mutu ba tare da laifinsu ba. Da kuma sun ce za su jira sai kowa ya shirya, da har yau ana jira.

Ga yadda suka yi. A fitowa ta 1.6, cikin Nuwamba na 2013, suka bayyana cewa Pillow suka fi so, PIL kuwa za a daina karɓarsa a fitowa ta 1.8, suka kuma faɗi dalili: ba a kula da shi, ba ya kuma aiki da Python 3. Suka tattara neman ƙunshin hoto a wuri guda cikin rubutunsu, inda manhajar za ta duba wanne ne aka girka ta yi aiki da shi. A wannan fitowa gargaɗin na shiru ne, sai wanda ya nema yake ganinsa. A ta 1.7, cikin Satumba na 2014, gargaɗin ya fito fili, duk mai tsohon ƙunshi yana ganinsa. A ta 1.8, cikin Afrilu na 2015, aka cire PIL ɗungum, aka kuma rushe wannan gadar da aka gina don ƙetarewa. Wata goma sha bakwai ke nan tsakanin sanarwa da zartarwa.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan za su gane wannan tsari, domin haka ake yi in za a canja takardun kuɗi ko fom: a ba da sanarwa, a bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na wani lokaci, a sa ranar rufewa. Abin da na fi so ku lura da shi shi ne ranar. An faɗe ta tun farko, an kuma cika ta. Gada irin wannan, in ba a sa ranar rushe ta ba, ita kanta takan zama wani kayan da za a yi ta ɗauka shekara da shekaru.

Ba Django kaɗai ba ce. Masu harhaɗa Linux, irin su Ubuntu da Fedora, sun maye gurbin PIL da Pillow cikin 2013, kuma wannan ya ba ƙananan ayyuka ƙarfin zuciya, gama sun ga manya sun duba reshen sun amince da shi. Da aka gano aibin nan na 2016, an toshe shi a Pillow 3.1.1. A PIL ba a toshe ba.

Kada wannan labari ya sa ku zaci duk wanda ya zo ya ce zai karɓi ragama abin maraba ne. Cikin 2018 marubucin wani ƙunshi na harshen JavaScript mai suna event-stream, wanda ake saukewa wajen sau miliyan biyu a mako, ya riga ya daina amfani da shi da kansa. Wani da bai sani ba ya nemi ya taimaka, shi kuwa ya miƙa masa. Sabon mai riƙon ya cusa wani ɓoyayyen umarni wanda aka nufa da satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da wata manhaja mai suna Copay, ba a kuwa farga ba sai cikin Nuwamba na wannan shekara. Bambancin a bayyane yake. Pillow ya zo da sabon suna, kowa ya zaɓe shi da idonsa a buɗe bayan shekara uku ana kallon aikinsa. A event-stream sunan bai sake ba, hannun da ke riƙe da shi ne ya sake, jama'a kuma suka ci gaba da saukewa bisa amanar da suka ba mutumin farko.

Haka kuma ba kullum ake samun magaji mai kama da mai gado ba. Paramiko, wata manhajar Python da ake shiga kwamfuta mai nisa da ita cikin sirri, ta dogara da ƙunshin ɓoye saƙo mai suna PyCrypto, wanda fitowarsa ta ƙarshe ta zo cikin Oktoba na 2013. Masu Paramiko suka zaɓi wani ƙunshi dabam mai suna cryptography, wanda ginin sa bai yi kama da na tsohon ba, sai da aka sake rubuta sassan da abin ya shafa. Da suka gama cikin 2016, suka ɗaga lambar fitowa zuwa 2.0 don kowa ya san abin da ake bukata wajen girkawa ya sake, suka kuma ci gaba da kula da tsohon layi na ɗan lokaci saboda waɗanda ba su shirya ba. Irin wannan ƙaura ba ta yiwuwa sai da gwaje-gwaje da aka rubuta tun kafin a fara, waɗanda za a tafiyar a kan tsoho da sabo a ga ko amsa ɗaya suke bayarwa. Wanda ba shi da su, da ka yake aiki.

Ga wanda ofishinsa ke ba da kwangilar rubuta manhaja, akwai abin da ya kamata ya nema a rubuce ranar karɓar aiki, tare da sauran takardu: jerin dukan ƙunshin da aka yi amfani da su, da lambar kowanne, da shekarar fitowarsa ta ƙarshe. Daɗewa ba a fito da sabo ba, shi kaɗai ba hujja ba ne, gama ƙaramin ƙunshi yana iya kammaluwa ya zauna lafiya. Abin dubawa shi ne ko ana amsa rahoton aibi, ko mutum nawa ne ke da ikon fito da gyara, ko kuma yana tafiya a kan harshen da ake kula da shi yanzu. A kuma rubuta cikin yarjejeniya wanda zai biya kuɗin ƙaura in ta zama tilas, domin aiki ne da ba ya ƙara wa shafi ko maɓalli guda da shugaba zai gani ya yaba, shi ya sa ba safai ake sa shi cikin kasafi ba.

Pillow kansa ya daina tafiya a kan Python 2 tun daga fitowa ta 7.0, cikin Janairu na 2020, watan da aka rufe tsohon harshen. Fredrik Lundh ya rasu cikin Nuwamba na 2021. Masu Pillow suna fito da sabon gyara sau huɗu a shekara, kuma har yanzu duk ɗalibin da zai buɗe hoto da shi, haruffa ukun nan na PIL yake fara rubutawa.