YADDA MAI ZIYARA ZAI KAUCE WA TURMUTSUTSU

Kowace shekara dubban 'yan'uwanmu mazauna Kudu, daga Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan har zuwa Shagamu, sukan tashi daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Waɗansu kuma fatauci ke kai su Santambul ko Faris. Duk wanda ya komo, in aka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya, cinkoson jama'a yake fara ambata.

Abin kuwa ba na wasa ba ne. A shekarar 1990 alhazai 1,426 suka rasu a hanyar ƙarƙashin dutse ta Mina. A 2006 fiye da 300 suka rasu wajen jifan Shaiɗan, abin da ya sa hukumar Saudiyya ta sake gina gadar Jamrah hawa hawa. Duk da haka a 2015 aka sake yin turmutsutsu a kan titin da ke zuwa wurin, inda Nijeriya ta yi asarar mutane da yawa, cikinsu har da 'yar jaridar nan Hajiya Bilkisu Yusuf. Allah ya jiƙan su. Saboda haka idan jami'an alhazai suka tsai da wa kowace tawaga lokacin fita jifa, wanda ya yi gaban kansa ya saya wa kansa haɗari, ya saya wa wasu.

To, ga mai niyyar Umra, zaɓen wata shi ne farkon dabara. Goman ƙarshe na azumi ladanta babba ne, amma a lokacin ne Harami ya fi cika, har mutane su yi sahu a kan tituna. Mai tafiya da tsoho ko mai rauni, gara ya duba watan Muharram ko Safar, sa'ad da alhazai suka watse. A cikin yini kuwa, fili ya fi samuwa da hantsi zuwa kafin azahar, sai dai rana tana da zafi ƙwarai, a riƙe ruwa. Ɗawafi a bene ya fi nisa, kowa ya sani, amma mutum zai yi shi da natsuwa ba mai tura shi.

Inda jama'armu suka fi yin ganganci shi ne wajen Hajarul Aswad. Sumbatar dutsen sunna ce, kuma malamai sun bayyana cewa nuni da hannu daga nesa ya wadatar. Ƙato ya ture tsohuwa don neman sunna, ina ribar? A Madina ma yanzu ba a shiga Rauda sai da izini na ƙayyadadden lokaci, wanda ake nema ta manhajar Nusuk a wayar hannu. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko jagoransa ya nema masa tun da wuri.

Masu zuwa Santambul su sani Aya Sofiya ta koma masallaci tun 2020, kuma ran Juma'a ta fi cika. Da sassafe ake jin daɗin ganinta.

Gidan kayan tarihi na Louvre a Faris kuwa, a 2018 mutum fiye da miliyan 10 suka shiga cikinsa, har daga baya hukumarsa ta ƙayyade mutum 30,000 a rana. Ana rufe shi ran Talata, kuma ya kamata a sayi tikiti mai lokaci ta intanet kafin a je. Galibin masu shiga wurin hoton Mona Lisa suke rugawa, su yi dogon layi don kallon ɗan allo guda daga bayan gilashi. Alhali ga sashen kayan fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, mai ɗauke da dardumai da tasoshin tagulla da rubuce-rubucen Larabci daga Andalus har Indiya, inda mutum zai tsaya ya duba a tsanake.